Idan rijiya ta ƙafe, wa ake tuhuma?

Duk wanda ya san Farin Dutse da kewayen Gwaram ya san ruwa ba ya kwance a ƙarƙashin ƙasarsu yadda yake kwance a yashin Haɗeja. Kudancin Jigawa a kan tsohon dutse yake zaune, ruwa kuwa yana laɓewa ne a tsagogin dutsen da wuraren da ya ruɓe. Shi ya sa akan haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin jama'a, a yi bikin buɗe ta, amma kafin bazara ta ƙafe. Ba kasafai ake tambayar wanda ya auna wurin ba, balle wanda zai tuhume shi.

A takarda dai akwai mai tuhumar. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar COREN da Doka ta 55 ta 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, ƙasa na neman gadoji da hanyoyi. Da farko injiniyoyi kawai take yi wa rajista. Gyaran 1992 ya shigo da ƙananan ma'aikatan fasaha da masu aikin hannu. Masana duwatsu da injiniyoyin ma'adinai, waɗanda auna wurin rijiya aikinsu ne, sai 1990 suka sami dokar tasu hukumar, COMEG.

Idan aka kai ƙarar injiniya, kwamitin bincike ne ke fara duba ta. In ya ga da magana, sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta hukumar, wadda ke iya yin gargaɗi ko soke sunan mutum daga rajista. Wanda aka hukunta yana da damar ɗaukaka ƙara.

Gizo ke saƙar a nan: ba a soke sunan da ba a taɓa rubutawa ba. Mai hayar motar haƙa, wanda ya zaɓi wuri da ido, ba ya cikin littafin kowa. Ko masu rajistar ma, babban laifi kotun ƙasa yake tafiya. Da masaukin cocin Synagogue ya rushe a Legas a Satumban 2014, mutum 116 suka rasu, can aka gurfanar da injiniyoyin biyu, shari'ar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran da ya ba COREN ikon gurfanar da masu karya dokarta, har da marasa rajista. Sai dai hukuma ba ta jin labarin rijiyar ƙauye sai an kai mata ƙara, mutanen ƙauyen kuwa galibi ba su taɓa ganin takardar kwangilar ba.