Wasiƙun manyan Ingila da hannayen da suka tara su

Kafin shekarar 1840, duk wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya, na zauren sarakai ko na zauren wakilai, yana da ikon aika wasiƙa ba tare da ya biya kuɗin gidan waya ba. Sharaɗin shi ne ya rubuta adireshin da hannunsa a bayan takardar, ya kuma sa hannu. Daga wannan gata ne wata sha'awa ta yaɗu cikin gidajen masu hali: mutane suka riƙa yanke ɓangaren da ke ɗauke da sunan babban mutum, suna liƙa shi cikin kundi, suna jera sunaye bisa matsayi. Da aka soke gatan a watan Janairu na 1840, kundayen suka ƙara daraja. Amma asarar da almakashi ya jawo ba kaɗan ba ce, domin sau da yawa sunan ake adanawa, maganar da ke cikin wasiƙar kuwa a jefar.

Tun daga nan hanya ta rabu biyu. Mai tarawa yana neman takarda guda mai ɗauke da babban suna, mai tsabta, wadda za a nuna wa baƙo. Mai binciken tarihi kuwa yana bukatar damin gaba ɗaya: wasiƙa da amsarta, da daftarin da aka soke, da abin da akawu ya rubuta a gefe. Alfred Morrison, attajirin da ya rasu a 1897, ya tara wasiƙu masu yawan gaske, ciki har da na Nelson, jagoran mayaƙan ruwa. Ya buga jerin abin da ya mallaka, kuma wannan alheri ne ga masu bincike, amma daga 1917 zuwa 1919 aka yi gwanjon tarin a gidan Sotheby's na Landan, ya watse cikin hannaye barkatai.

Tushen lamarin shi ne wata al'ada ta mulkin Ingila. Shekaru aru-aru ministoci sun ɗauki wasiƙun da suka rubuta a bakin aiki a matsayin dukiyarsu, in sun bar kujera su tafi da su gida, su shiga gado tare da gonaki da azurfa. Saboda haka babban kaso na tarihin hukuma ya kwana cikin ɗakunan ajiya na gidajen sarakai. A gidan Hatfield na zuriyar Cecil akwai takardu wajen 30,000 na zamanin William Cecil, babban mashawarcin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, da ɗansa Robert. A 1869 aka kafa hukumar rubuce-rubucen tarihi don ta shiga irin waɗannan gidaje da yardar masu su, ta lissafa abin da ke ciki. Jerin takardun Hatfield kaɗai ya cika littattafai 24, an fara buga su a 1883, ba a kammala ba sai 1976.

Hukumar ba ta da ikon hana kowa saida kayansa. Da harajin gado na 1894 ya fara matsa wa manyan gidaje, sannan yaƙin duniya na farko ya ƙara musu nauyi, sai akwatuna suka kama hanyar kasuwa, attajiran Amurka kuma suna jira. A 1921 William Clements ya sayi takardun Lord Shelburne, firaministan da ya shirya sulhu da Amurkawa bayan yaƙin neman ƴancinsu, ya kai su Michigan. A 1925 takardun gidan Stowe suka koma ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya. Daga baya gwamnati ta riƙa karɓar takardu a madadin haraji. Ta haka wasiƙun Wellington, kusan 100,000, suka isa jami'ar Southampton a 1983. A 1995 aka biya fam miliyan 12 da rabi daga kuɗin cacar ƙasa don sayen takardun Churchill daga amintattun zuriyarsa, jama'a da dama kuwa suka yi gunaguni, suna ganin ƙasa ta sayi abin da tun asali nata ne.

Malami a Maraɗi ko Ƙonni yana da dalilin kula da wannan labari, domin iyakar da ta raba ƙasar Hausa biyu ta bi ta hannun irin waɗannan mutane. Ran 5 ga watan Agusta na 1890, Lord Salisbury, jikan gidan Cecil, wanda ke riƙe da firaminista da harkokin waje a lokaci guda, ya daidaita da Waddington, jakadan Faransa a Landan, a kan layi daga Sayi bakin Kwara zuwa Barwa bakin tafkin Cadi. Yarjejeniyar 1898 ta zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, abin da ya tilasta wa Faransawa bin hanya marar ruwa in za su Damagaram. Sai a 1904, da Lord Lansdowne da jakada Paul Cambon suka sa hannu, aka tura layin kudu, aka tabbatar da shi a 1906, Ƙonni da Maraɗi suka faɗa ɓangaren Faransa.

Matanin yarjejeniyoyin nan a buɗe yake, kowa na iya karantawa. Sai dai matani yana faɗin abin da aka yanke ne kawai. Dalili, da shakka, da abin da aka yi musaya da shi a wata nahiya, galibi suna cikin wasiƙun sirri, kuma Salisbury ya shahara da tafiyar da aikinsa ta irin wannan hanya, yana rubuta wa jakadu da hannunsa. Takardunsa suna Hatfield, mallakar zuriyarsa, mai bincike sai ya nemi izini. Na Lansdowne sun rabu tsakanin ma'ajiyar ƙasa da ke Kew da babban ɗakin karatu na Birtaniya. Na Lugard, wanda bai fito daga gidan sarauta ba sai daga baya aka ɗaga shi, suna Oxford.

Akwai kuma wanda bai bar wa mai tarawa ko mai bincike komi ba. George Goldie, shugaban kamfanin Neja, shi ne ya gabatar da takardun da ya ce sun ba kamfaninsa iko a daular Sakkwato, kuma da su Salisbury ya kafa hujja a 1890. Kafin ya rasu a 1925 ya hallaka takardunsa na kansa, ya kuma hana iyalinsa taimaka wa duk mai son rubuta tarihin rayuwarsa. Abin da aka sani game da tunaninsa an tsinto shi ne daga wasiƙun da ya aika wa wasu, waɗanda suka ajiye su cikin nasu akwatuna.