Iya Sauraro: Yadda Za Ka Fahimci Mai Magana, Ka Kuma Koya wa Ɗalibai

Bambancin ji da sauraro

Duk mai lafiyar kunne yana jin ƙarar injin niƙa da hayaniyar kasuwa ko da bai yi niyya ba. Sauraro kuwa sai da niyya. Shi ne ka tattara hankalinka ga mai magana har ka gane abin da yake nufi da halin da zuciyarsa take ciki, kafin ka ba da amsa. Wanda ya iya wannan yakan ɗauka kamar shi abin ya sama, ya dubi matsalar daga inda mai ita yake tsaye, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba dole ne ka yarda da duk abin da aka faɗa maka ba. Kana iya fahimtar dalilin fushin maƙwabcinka sarai, alhali kana ganin gaskiya ba ta wajensa. Amma mutumin da ya tabbata an fahimce shi ya fi saurin saukowa ya karɓi shawara.

Wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Amurka, Carl Rogers, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1987, ya daɗe yana nazarin wannan al'amari. A shekara ta 1957 shi da Richard Farson suka wallafa ɗan littafi a kai. Gwajin da Rogers ya ba masu gardama mai sauƙi ne: kada ɗayansu ya faɗi ra'ayinsa sai ya maimaita maganar abokinsa, har abokin ya yarda cewa abin da yake nufi ke nan.

Amfaninsa a yankinmu

A ƙauyukan Magariya da Dungas, rigimar iyakar gona, ko ɓarnar da dabbobi suka yi a hatsi, takan fara zuwa gaban mai gari ko hakimi, waɗanda dokar Nijar ta ba ikon yin sulhu. Sulhun yakan ɗore idan manomi da makiyayi kowa ya faɗi tasa har ƙarshe. Wanda aka katse yakan tashi da sauran magana a ciki, ita ce kuma takan dawo da rigimar baɗi.

A shekara ta 2008, da tallafin Asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, aka fara makarantun mazaje a jihar Damagaram, kuma Magariya da Matamaye suna cikin wuraren farko. Magidanta kaɗan ne ke zama tare, ba wanda yake shugaban wani, su tattauna abin da ke hana mata zuwa awon ciki da haihuwa a asibiti. Irin wannan zama ba ya tafiya sai mazan sun saurari junansu, sun saurari ma'aikatan lafiya, sun kuma koma gida sun saurari matansu.

Yadda za ka saurara

1. Ajiye abin da ke hannunka. Rage muryar rediyo, ka kife wayarka. Idan ba ka da sukuni, faɗi gaskiya ka sa lokaci: "Bari in sallami wannan baƙo, bayan la'asar sai mu zauna."
2. Bar shi ya kai aya. Ko ka hango inda ya dosa, kada ka ƙarasa masa zance.
3. Nuna kana tare da shi. "To", "na'am", "haka ne", "Allah sarki", duk suna ƙarfafa mai magana ya ci gaba.
4. Lura da abin da baki bai faɗa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Rawar murya, da dogon shiru, da tsinke da ake ta zane da shi a ƙasa, duk magana ce.
5. Yi tambayar da ke buɗe zance, kamar "Daga nan sai me ya faru?" ko "Yaya ka ji a ranka?" Tambaya irin "Me ya sa ka yi wannan wauta?" rufe bakin mutum take yi.
6. Maimaita abin da ka fahimta da kalmominka, ka ba shi dama ya gyara maka.
7. Kada ka ji tsoron shiru. Sau da yawa maganar da ta fi nauyi bayansa take fitowa.
8. Riƙe amana. Abin da aka faɗa maka a zaure kada a ji shi a bakin rijiya.

Misali daga ajin yaƙi da jahilci

A ce wata ɗaliba ta yi kwana biyar ba ta zo ba. Da ta dawo sai ta ce: "Malama, ni dai karatun nan ba na irina ba ne."

Malamar da ta yi gaggawa za ta ce: "Haba Yaya, daure dai, ai ilimi haske ne." Maganar gaskiya ce, sai dai ba ta gano komai ba. Mai sauraro kuwa za ta ce: "Yaya, kamar akwai abin da ya karya miki gwiwa. Me ya faru?" Wataƙila a nan ɗalibar za ta bayyana cewa an yi mata dariya ran da ta kasa karanta allo, ko maigidanta ya tafi ci-rani aiki ya yi mata yawa, ko idonta ne ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Kowane ɗaya da maganinsa daban. Idan ba a saurara ba, aji ya rasa ɗaliba ba tare da an san dalili ba.

Abubuwan da ke ɓata sauraro

- Shirya amsa a zuci tun mai magana bai gama ba.
- Mayar da zancen kanka: "Ai naka kaɗan ne, ni da abin ya same ni..."
- Saurin cewa "yi haƙuri". Haƙuri kalma ce mai daraja, amma idan ta riga sauraro, mutum yakan ɗauka ana so ya yi shiru ne.
- Raina mai magana don yaro ne, ko mace ce, ko talaka, ko don Hausarsa ba ta nuna ba, kamar baƙon da harshensa na gida Fillanci ne ko Barbarci.

Koya wa ɗalibai

Ko kana koyar da yara, ko kana taimaka wa malamin ajinku, ko ƴaƴanka kake tarbiyya a gida, ka sani tsawar "ku yi shiru!" shiru kawai take kawowa. Sauraro sai an gwada shi an maimaita, kamar rubutu. Darasi na farko kuwa halinka ne: yaron da kullum ake katse shi, katse mutane zai koya.

Ka riƙa jira bayan ka yi tambaya. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna a 1972 cewa malamai da yawa ba sa jira fiye da daƙiƙa ɗaya kafin su amsa da kansu ko su kira wani. Da suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba ma suka fara sa baki. Ƙirga uku a zuci kafin ka ce komai.

Ga wasu hanyoyi da ba sa bukatar kuɗi:

- Bibbiyu. Ɗaya ya ba da labarin ranar kasuwa na minti 2, ɗayan ya yi shiru, sannan ya maimaita. Mai labari ne zai ce ko an faɗa daidai. Sai su yi musanya.
- Karan magana. A zauna da'ira da guntun kara ɗaya. Wanda ke riƙe da shi kaɗai ke da baki. Wanda ya karɓa sai ya taƙaita maganar na gabansa kafin ya faɗi tasa.
- Raɗa. Ka raɗa wa na farko saƙo, misali "taron iyaye ranar Talata bayan azahar a ƙofar mai gari", ya bi kunne kunne har na ƙarshe ya faɗa da ƙarfi. Ku bincika tare inda saƙon ya canza, ku danganta shi da yadda jita-jita ke yaɗuwa.
- Tatsuniya. Tsaya a tsakiyar labari ka tambaya: "Yaya kuke jin Ƙoƙi ta ji da Gizo ya yi mata haka? Me ya nuna muku?" Wannan yana koya wa yaro sa kansa a halin wani.
- Rediyo. Ku saurari gajeren shiri tare, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya riƙe, a rubuta a allo. An sami darasin sauraro da na rubutu a zama ɗaya.

Kada ka tilasta wa yaro kallon cikin idonka. A tarbiyyarmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Abin da ya iya maimaitawa shi zai nuna maka ko ya saurara.

Lokacin da za a nemi taimako

Yaron da kullum sai an maimaita masa magana, ko yake juyo kunne ɗaya, ba lalle taurin kai ba ne. Ciwon kunne mai fitar da ruwa, da sanƙarau, da ƙyanda, suna iya rage ji. Zaunar da shi a gaba, ka kuma shawarci iyayensa su kai shi asibiti a duba shi.

Haka nan idan wani ya gaya maka ana cutar da shi, ko yana tunanin hallaka kansa, riƙon amana bai hana ka neman taimako ba. Saurare shi har ƙarshe, ka gaya masa cewa maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sannan ka raka shi wurin ma'aikacin lafiya ko wani babba da ya amince da shi.