Kayan Wasan Yara na Takarda

Kayan wasan takarda su ne abubuwan da ake yankawa ko naɗewa daga takarda domin yara, kamar 'yar tsana da jirgi da filfilo, wato takardar da ake kafawa a kan tsinke iska tana juya ta. A Landan, kamfanin S. & J. Fuller ya buga 'yar tsanar takarda mai suna Little Fanny a shekarar 1810, wadda ake sauya wa tufafi, kuma ire-irenta suna ajiye a gidajen tarihi.

A ƙasar Kabi kuwa takarda ta daɗe tana da tsada da daraja, domin a da fatake ne ke kawo ta daga Italiya ta hanyar Sahara, malamai kuma suka keɓe ta ga rubuta littattafai, shi ya sa yaran Argungu da Birnin Kabi suka dogara da karan dawa da laka wajen ƙera kayan wasansu. Sai da makarantun boko suka yaɗu, tsofaffin littattafan rubutu da kwali suka wadata, sannan filfilo da jirgin takarda suka samu gindin zama a unguwanni irin su Badariya ta Birnin Kabi.