Bizar dogon zama a Faransa ga mai aikin kansa: abin da dillali zai iya yi da wanda ba zai iya ba

Mai fassara, mai ɗaukar hoto, mai zanen kwamfuta ko mai tsara manhaja da ke aikin kansa, idan yana son ya zauna a Faransa fiye da kwana 90, bizar dogon zama yake buƙata. Da yawa kan bi ta hannun dillali, wanda wasu ke kira ejan. Kafin ka miƙa fasfo da kuɗinka, ga abin da ya kamata ka sani.

Wace biza ce taka?

Ta mai aikin kansa ita ce « entrepreneur/profession libérale ». Tana aiki na shekara ɗaya, kuma tana zama a matsayin takardar izinin zama idan ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da sauka. Babban sharaɗinta shi ne ka nuna cewa sana'arka za ta iya riƙe ka: abin da za ka samu kada ya gaza mafi ƙarancin albashin ƙasar, wato SMIC, wanda ya haura Yuro 1,800 a wata kafin a cire haraji.

A nan ake yawan yaudarar mutane. Wani dillalin zai tura ka ga bizar « visiteur » don takardunta sun fi sauƙi, alhali mai ita yana sa hannu ne a kan ba zai yi wata sana'a a Faransa ba. In ka shiga da ita ka kama aiki, ka karya doka.

Takardun da ake nema

Fasfo wanda bai kai shekara 10 da fitowa ba, mai shafi biyu da babu komai a kansu. Sai bayanin aikin da za ka yi da lissafin kuɗin da kake sa ran samu, kwantiragi ko wasiƙun abokan ciniki, takardun banki, shaidar karatu ko ƙwarewa, da shaidar masauki. Sana'o'in da doka ta tsare, kamar aikin likita da na lauya, suna da ƙarin sharuɗɗa.

Ana cike fom a shafin gwamnati na France-Visas, kuma cikewar kyauta ce. Kuɗin bizar Yuro 99 ne, kusan CFA dubu 65, kuma ba a mayarwa ko an hana ka. A ƙasashen da aka ba kamfani irin su TLScontact, VFS Global ko Capago aikin karɓar takardu, akwai kuɗin hidima daban. Su ma karɓa kawai suke yi. Ƙaramin ofishin jakadanci ne ke yanke hukunci.

Ga mazauna Nijar, a tuna cewa Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairun 2024. A duba wurin ajiye takardu a France-Visas kafin a biya kowa kuɗin tafiya.

Iyakar dillali

Dillali na gari zai taimaka wajen jera takardu, gyara bayanin aiki da nemo amintaccen mai fassara. Amma kai da kanka za ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsunka goma, kuma kai ne mai sa hannu. Duk ƙaryar da ke cikin takardun a wuyanka take. Dokar Faransa ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 da tarar Yuro 45,000 kan yin takardar jabu ko amfani da ita.

Ka ja da baya idan dillali ya ce bizar tabbas ce, ko yana da mutum a ciki, ko zai “cika” maka asusun banki na 'yan kwanaki. Haka in ya ƙi ba da rasit ko ya nemi riƙe fasfonka. Ku rubuta yarjejeniya, ka buɗe asusun France-Visas da adireshin imel naka, ka karanta kowace takarda kafin a miƙa, ka kuma ajiye kwafi.

Idan an hana, idan an bayar

Wanda aka hana yana da kwana 30 ya kai kuka, a rubuce da Faransanci, ga hukumar CRRV da ke birnin Nantes. Sai an bi ta nan ake iya zuwa kotun gudanarwa ta Nantes. Shirun wata 2 daga hukumar na nufin ta ƙi.

Wanda ya samu kuwa, bayan tabbatar da bizar sai ya yi wa sana'arsa rajista, ya karɓi lambar SIRET, ya riƙa bayyana kuɗin shigarsa ga URSSAF. Waɗannan takardu ne za a duba idan ya zo sabunta izinin zama, wanda ake nema aƙalla wata 2 kafin bizar ta ƙare.