Ƙudirin Tilasta Yin Zaɓe: Ina Aka Kwana?

Da na je gida Potiskum, mutanen ƙauye da muka haɗu a kasuwar shanu ranar Laraba sun yi ta tambayata: wai da gaske za a ɗaure wanda bai yi zaɓe ba? Ga yadda abin yake.

A watan Mayun 2025, Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudirin Kakakinta, Tajudeen Abbas, karatu na biyu. Ya tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Hujjarsu ita ce a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kimanin kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne suka fito. Da jama'a suka yi caa, aka janye shi kafin watan ya ƙare. Don haka ba wanda za a kama.

Mutanen karkara dai sun ce ba tilas suke buƙata ba, adalci suke so: a rediyon gwamnati muryar jam'iyya mai mulki suka fi ji, alhali dokar zaɓe ta ce a raba lokaci daidai tsakanin jam'iyyu.

Mu kuma mazauna Agege da Sabon Ibadan, mu tuna katin Potiskum ba ya zaɓe a nan. In an buɗe rajista, a nemi INEC ta dawo da shi kusa.