Tarihin Bulok: Yadda Amurkawa Suka Koyi Zaɓen Gangar Jikin Injin Dizal

Maƙalar wannan makon za ta leƙa Amurka ne, inda masu haɗa a-kori-kura mai ƙarfin gaske suke fara tambayar bulok kafin komai. Bulok shi ne gangar jikin inji, ƙarfen da fistin ke kai-da-kawo a cikinsa. Injin dizal ba ya amfani da fulogi, matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Duk wannan matsin bulok ne ke ɗaukarsa.

A shekarar 1978 kamfanin General Motors ya fito da injin dizal na Oldsmobile mai lita 5.7, wanda aka ɗora a kan tsarin injin fetur. An ƙara wa bulok ɗin kauri, amma aka bar yawan ƙusoshin da ke ɗaure kan injin kamar na fetur, alhali matsin ya haura ninki biyu. Sai gasket ya dinga ƙonewa, masu motoci suka kai ƙara kotu, a 1985 aka daina ƙera shi. Amurkawa da dama suka guji dizal tsawon shekaru.

A 1989 Dodge ta sa injin Cummins mai lita 5.9 a cikin Ram. Silinda shida ne a jere, na baƙin ƙarfen zubi, kuma tun asali don manyan motoci da injinan gona aka yi shi. Ƙarfin doki 160 kawai ya zo da shi, amma makanikai suka gano ana iya ninka wannan ƙarfin ba tare da bulok ya nuna gajiya ba.

Sai dai ko a gidan sarki akwai ɗaki mai yoyo. Wajejen 1999 zuwa 2001 an zuba wasu bulok a Brazil masu lamba 53 a jikinsu. Bangon hanyar ruwansu siriri ne, yakan tsage ruwa ya dinga zuba. Har yau mai neman tsohon Cummins yakan shiga ƙarƙashin mota da tocila ya duba lambar nan kafin ya biya, domin wanda ya sayi turbo da fistin masu tsada ya ɗora a kan bulok mai tsagewa ya yi asarar duka.

A 2007 aka faɗaɗa injin zuwa lita 6.7. Ford a 2011, sannan Cummins a 2019, suka koma wani sabon nau'in ƙarfen zubi da ya fi na da ƙarfi, har ana iya rage nauyin bulok ɗin.

Shi ya sa gwanayen wannan sana'a ke duba abu uku: irin ƙarfen, kaurin bango, da yadda aka ɗaure kan injin. Sauran kaya ana iya canza su daga baya, amma canjin bulok sai an sauke injin gaba ɗaya.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.