Dodannin Cikin Gem: Wa Ya Zana Musu Fuska?



Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem, ko ya tsaya bayan yaro yana latsa waya, ya ga halittun da muke son magana a kansu: ƙatti masu koriyar fata, haƙora biyu sun fito daga ƙasan baki kamar na gadu, hannu riƙe da gatari. Yara sun haddace sunayensu tsaf: ork, goblin, turol, gul. In ka tambaye su, sai su ce ai dodanni ne. To amma dodon da muka sani a tatsuniya shi kaɗai ne, yana bakin rafi ko cikin kurmi, kuma ba wanda ya taɓa zana mana shi. Kowane yaro da irin wanda yake gani a ransa lokacin da kaka take ba da labari. Na cikin gem kuwa ƙabilu ne sukutum, da sarakunansu da garuruwansu da 'ya'yansu, kuma an yanke musu hukuncin mugunta tun daga haihuwa. Fuskar nan da hukuncin nan mutane ne suka ƙera su, a shekarun da aka sani, kuma sau da yawa daga jikin wasu bayin Allah masu rai aka ɗebo kayan aikin.

Abin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wajen shekara ta 77 miladiyya, wani Barume mai suna Pliny ya rubuta babban littafi kan halittun duniya. A ciki ya lissafa mutane masu kan kare, da masu ƙafa ɗaya mai faɗin da suke laima da ita in rana ta take, da waɗanda ba su da kai sam, idanu da baki a ƙirji. Ina ya ajiye su? Indiya da cikin Afirka. Marasa kan nan ya kira su Blemmyes, alhali Blemmyes mutane ne na gaske, masu kai kamar kowa, da suka zauna a hamadar da ke tsakanin kogin Nilu da Bahar Maliya. Masu zane suka karɓa daga hannunsa. Taswirar duniya da ke cocin Hereford a Ingila, wadda aka yi wajen 1300, ta jera su a gefen kudancin Afirka, ɗaya bayan ɗaya kamar kayan tebur. Littafin tarihin da aka buga a Nuremberg a 1493 ya sake buga hotunansu. Mu faɗi gaskiya, marubutan Larabawa ma sun taɓa: kwafe-kwafen Aja'ibul Makhluƙat na Ƙazwini suna da irin waɗannan zane-zane. Inda sanin mai zane ya ƙare, nan yake dasa dodo, kuma kusan kullum wurin garin wasu ne.

Daga littattafan Larabci ne ma Turawa suka ari wasu sunayen. Gulu a labaran Larabawa aljani ne na jeji, mai sauya kama, yana ɓatar da matafiya. Tsakanin 1704 da 1717 aka buga fassarar da wani Bafaranshe, Antoine Galland, ya yi wa Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya ɗin nan da muka sani, kuma a cikin fassararsa ne Turawa suka haɗu da gulu mai shiga maƙabarta yana cin gawa. Wannan siffa ita ta bi shi. A 1786 littafin Vathek na William Beckford ya shigar da kalmar cikin Turanci. Ko a fim ɗin George Romero na 1968, inda gawawwaki suke tashi suna cin mutane, gul aka kira su a ciki. Daga baya ne 'yan kallo suka liƙa musu sunan zombi, wanda shi kuma daga Haiti ya fito.

Amma uban gidan wannan sana'a shi ne J.R.R. Tolkien, farfesan tsohon Turanci a Oxford, wanda aka haifa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya kuma ga yaƙin Somme da idonsa a 1916. Kalmar ork a tsohon Turanci ya tsinto ta, tana nan cikin tsohuwar waƙar Beowulf a jerin miyagun halittu. Ya fitar da The Hobbit a 1937, sannan The Lord of the Rings a 1954 da 1955. A nan ork suka zama runduna: suna magana, suna da manyan soja da ƙanana, suna gunaguni kan shugabanninsu kamar kowane kurtu, kuma jaruman labarin suna karkashe su ba tare da ko gezau ba.

Yaya kamanninsu? A wata wasiƙa ta 1958, lokacin da ake shirin mayar da littafin fim, Tolkien ya ce gajeru ne masu faɗi, hanci a baje, fata fatsi-fatsi, idanu a karkace, kuma ya kwatanta su da lalatacciyar siffar mutanen Mongol, irin wadda idon Bature ya fi ƙi. Da alƙalaminsa ya rubuta haka, ba ƙage ba ne. Sai dai adalci ya sa mu ƙara da cewa mutumin nan a 1938 ya fusata da wani kamfanin buga littafi na Jamus da ya nemi ya tabbatar ba shi da jinin Yahudawa, kuma a jawabinsa na ban kwana da Oxford a 1959 ya nuna ƙyamarsa ga wariyar launin fata ta ƙasar haihuwarsa. Ɗan Adam ke nan.

Abin da ya fi jan hankalinmu game da shi wani ne daban. Tolkien ɗan Katolika ne mai riƙo, kuma halittar da ya ƙaga ta hana shi barci. Ya yi imani Shaiɗan ba ya iya halitta, sai dai ya ɓata abin da aka halitta. Don haka ya ce ork asalinsu wasu halittu ne na kirki da aka kama aka azabtar har suka lalace. To in haka ne, suna da rai da hankali ke nan. Wanda kuwa yake da hankali ƙofar tuba a buɗe take gare shi. Ta yaya za a ce jinsi guda ba mai shiryuwa a cikinsa? Ya yi ta rubuce-rubuce yana canza asalinsu, yau ya ce daga nan, gobe daga can, har ya rasu a 1973 bai warware ba. Ɗansa ne ya buga takardun daga baya. Mu da muka zauna gaban malamai mun san amsar da sauƙi. An karantar da mu cewa kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, kuma ba mai ɗaukar zunubin wani. Hatta aljanu, Suratul Jinni ta gaya mana akwai salihai a cikinsu akwai waɗanda ba haka ba. Addinin da bai yi wa aljanu kuɗin goro ba, ina zai yarda a yi wa wata ƙabila?

Masu gem ba su tsaya wannan dogon tunani ba. A 1974, a wani ɗan gari mai suna Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka, Gary Gygax da abokin aikinsa Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. Ba na kwamfuta ba ne. Takarda ce da fensir da ƙwayoyi irin na ludo, mutane su kewaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa da jaruminsa. Ga inda gizo yake saƙar: jarumi yana ƙara ƙarfi ne da makin da yake samu in ya kashe dodo ko ya kwashi dukiya. Wasa irin wannan yana bukatar abokin gaba mai yawa, wanda za a kashe a kwashe kayansa ba tare da zuciya ta yi nauyi ba. Sai aka yi wa kowace halitta rajista. Littafin Monster Manual na 1977 ya jera su bi da bi: ƙarfinta kaza, dukiyarta kaza, halinta kaza. A gaban ork aka rubuta mugu, kamar yadda ake rubuta nauyi a jikin buhu. Mai zane David Sutherland kuma ya ba shi hancin alade.

A wasan nan ne aka saka aljani da ifiritu a matsayin jinsuna biyu, ɗaya na iska ɗaya na wuta, daga baya aka ƙara maridi aka ba shi ruwa. Ifiritun da muka sani a ƙissar Annabi Sulaimanu, alaihis salam, cikin Suratun Namli, ya koma wani jan ƙato mai ƙaho da ake jefa ƙwaya a kansa. Mutanen Japan suka ɗauka, shi ya sa yaron da ke buga Final Fantasy yake kiran Ifrit ya zo ya watsa wa maƙiyansa wuta. Akwai kuma drow, waɗanda aka ce 'yan uwan fararen aljanun daji ne masu kyau, amma su miyagu ne, suna zaune ƙarƙashin ƙasa. Wace alama aka ba su? Baƙar fata. Ba sai mun yi sharhi ba.

Tun a lokacin wasu 'yan wasan sun ji abin ya tsaya musu a wuya. Wani labarin wasa na 1979, The Keep on the Borderlands, ya lissafa har mata da ƙananan yaran da ke cikin kogunan dodannin. Bayan an gama da mazan, me za a yi da jariran? Shekara da shekaru ana wannan gardama a tsakaninsu, wasu na cewa ai littafi ya ce miyagu ne, a gama da su.

Koren launi daga baya ya kafu. Kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar da Warhammer a 1983, wasan yaƙi da 'yan mutum-mutumi na dalma da ake shafa wa fenti, kuma ork ɗinsa kore ne, masu ƙaton muƙamuƙi, ana sa musu maganar 'yan tashan kallon ƙwallo na Ingila don ban dariya. Blizzard ta Amurka ta kai wannan siffa kwamfuta da Warcraft a 1994, daga nan ta cika duniya; ƙananan goblin masu wawar zinariya a Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na Finland ya fitar a 2012, jikokin wannan layi ne. A ganinmu kore ya yi wa 'yan kasuwar daɗi ne saboda ba ɗan Adam mai wannan launi, ba wanda zai ce da shi ake. Mu 'yan kasuwa mun san dabarar canza kwali kaya na nan yadda suke. Don kuwa a Warcraft ɗin, turol da harshen mutanen Jamaika suke magana, suna tsafin budu. A 2002 kamfanin ya juya labarin ork, ya ce asalinsu mutanen kirki ne da shaiɗanu suka yaudara, ya ba su shugaba mai hankali, Thrall, wanda ya tashi a bauta. An samu ci gaba, amma gatari da ganga da layu da bukkar fata suna nan, wato kayan da Bature ya saba rataya wa duk wanda yake kira mutumin daji.

Finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003, da aka ɗauka a New Zealand, sun ƙara kafa abin a ido. Jaruman farare tas. Shugaban ƙattin ork a fim na farko, baƙi mai dogon gashi, Lawrence Makoare ne ya fito a matsayinsa, ɗan ƙabilar Maori, 'yan asalin ƙasar. Mutanen kudu da suka zo taimakon azzalumin sarki kuwa a kan giwaye suka zo, da rawani da amawali.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Resident Evil 5 na kamfanin Capcom, 2009. An kafa labarin a wani ƙagaggen gari na Afirka, jarumi Bature yana ratsa kasuwa da lunguna yana harbin baƙaƙen mutane da wata cuta ta haukatar. Sunan da aka ba su Majini, wato aljanu da Swahili. An yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka tun kafin ya fito. A gidajen gem na ƙasar nan kuwa yaranmu ne suke riƙe da bindigar, kuma kasuwar da ke cikin allon ba ta da maraba da wadda iyayensu suke zama.

Ba muna cewa a fasa wayoyi ko a rufe gidajen gem ba ne. Masu su ma abinci suke nema, kuma yaro yana bambance wasa da gaske fiye da yadda muke zato. Amma mu mazauna Sabo mun san ɗanɗanon suna ɗaya da ake yi wa dubban mutane. Mai shayi, mai canji, malami, ɗan dako, likita, duk aboki ne. Ranar da ɗaya ya yi laifi, rumfar kowa ce take cikin haɗari. Wanda ya san wannan, ya kamata in ya ga ɗansa yana share wani ƙauyen ork ya zauna kusa da shi ya tambaye shi: su waɗannan me suka yi? Wa ya ce dukkansu haka suke? Amsar da yaron zai bayar ta fi wa'azin awa guda amfani.

Su kansu masu abin sun fara ja da baya. A watan Yuni na 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd, kamfanin Wizards of the Coast, mai Dungeons & Dragons a yanzu, ya fito ya amsa cewa yadda aka siffanta ork da drow ya yi kama da yadda ake ƙasƙanta wasu al'ummu na gaske, ya yi alkawarin gyara. Bayan shekara biyu kacal, a 2022, sai ga shi yana ba da haƙuri kan wasu halittu masu kamar biri, hadozee, da aka ba su tarihin bauta da zanen da ya yi kama da tsofaffin hotunan izgili ga baƙar fata. A ƙarshen shekarar ya sanar zai daina amfani da kalmar da ke nufin launin fata wajen rarraba halittunsa. A littafin dokoki na 2024 ork yana cikin waɗanda ɗan wasa zai iya zaɓa ya zama jaruminsa, ba a rubuta masa hali a goshi ba. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun yi ta ƙorafi wai an lalata musu wasa, wai dodo ai dodo ne. Ifiritu dai har yanzu yana nan cikin littafin dodannin, jan ƙato mai ƙaho, da lambobinsa a gefe.